Mussar Inna da Furen Birni

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, akwai wata tsohuwa. Yara da manya duk Inna suke ce mata. Mijinta ya rasu shekara 6 da sunka wuce. Ya bar mata gona guda, da rumbu guda, da awaki 3. Ɗanta namiji shina Yamai, shina aikin gadi. Jikanyarta, yarinya ƴar shekara 11, ita ke zaune wurinta tana taya ta aiki.

Akwai kuma mussa a gidan, baƙa mai farin ƙirji. Inna ba ta saye ta ba. Ita ta zo da kanta wata damana, tana ƙarama, ruwa ya jiƙe ta. Inna ta ba ta ɗan nono cikin sakaina. Tun daga ranar ba ta koma ko'ina ba.

Shekara 4 mussar nan tana gidan. Shekara 4 kuma Inna ba ta ji motsin kusu cikin rumbu ba. Kowane manomi ya san abin da wannan ke nufi. Kusu ba shi jira. Cikin mako 3 macen kusu take haihuwa, kuma ƴaƴa da yawa take zubawa. Kafin wata 2 ko 3 su ma sun fara haihuwa. Abin da sunka ci kaɗan ne bisa ga abin da sunka ɓata da kashi da fitsari. Inna ba ta da kuɗin da za ta sayi hatsi in nata ya ƙare. Mussar ita ce mai gadinta, kuma ba ta neman albashi.

Wannan zama na mutum da mussa ba yau ya fara ba. Masana sun ce ya kai wajen shekara 10,000. Lokacin da mutane sunka fara noma da ajiyar hatsi a ƙasashen Gabas ta Tsakiya, kusa sunka biyo hatsin, mussar daji kuma ta biyo kusan. Rumbu ne ya haɗa mu da ita.

Tsarabar birni

Bara, lokacin sanyi, ɗan Inna ya zo ganin gida. Ya kawo mata sabulu da shinkafa da turmin atamfa. Ya kawo kuma wani ɗan icce cikin tukunyar siminti mai fenti. Wurin masu saida furanni na bakin kogi a Yamai ya saye shi. Gindin iccen ya kumbura kamar na ƙaramar kuka. Ganyenshi kore ne shar, mai santsi. Furenshi ja-ja ne, da fari a tsakiya.

Ya ce: "Inna, irin wannan ne manya ke ajewa a ƙofar ɗaki. Na ce ke ma ki samu naki."

Inna ta yi murna ƙwarai. Ba don furen kaɗai ba. Don ɗanta ya ɗauko abu mai nauyi cikin mota tun daga Yamai, tafiyar yini guda, saboda ita. Ta aje tukunyar a inuwa, kusa da randa. Kullum in ta yi alwala sai ta zuba mashi sauran ruwan buta. Matan unguwa sunka riƙa zuwa kallo. Suna ce mashi furen birni.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Ciyawa ta ƙare ƙaf. Abin da awaki ba su ci ba, iska ya kwashe. Duk gidan babu wani abu kore da ke kusa da ƙasa, sai furen birni.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mussa nama take ci, amma tana tauna ɗanyar ciyawa lokaci-lokaci. Duk wanda ya zauna da ita da damana ya gani. Takan tauna ciyawa, wani sa'in ta amayo gashin da ta haɗiye wajen lasar jiki. Halinta ne. In ta rasa ciyawa, sai ta nemi wani kore da ke kusa. Ba ta tambaya ko mine ne.

Cikin wannan bazara mussar ta haihu a bayan rumbu, ƴaƴa 3. Mai shayarwa yunwa gare ta, ƙishirwa gare ta. Sai ta dinga zagaya randa, inda ƙasa ke da sanyi, ta kwanta gindin tukunyar.

Magana zarar bunu

Danga guda ta raba gidan Inna da na facalarta, matar ƙanen mijinta. Akwai ƴar ƙofa a jikin dangar. Shekara fiye da 30 suna bin ƙofar nan. Ta nan wuta ke wucewa, da gishiri, da labari.

Wata safiya facalar ta ƙirga ƴan tsakinta, ta ga babu guda 2. Ta leƙo ta ƙofar rai ɓace.

Ta ce: "Yaya, mussarki ta fara yi mani ɓarna. In ba ki tsare ta ba, ni zan yi maganinta."

Inna ta ce: "Shirwa ba ki gani ba, sai mussata?"

Maganar ta tsaya nan. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Bayan kwana 4, da hantsi, yarinyar ta tarar da mussar kwance gefen randa. Miyau na zuba daga bakinta. Ta yi amai sau 3. In ta tashi sai ta yi tangaɗi ta faɗi. Inna ta ɗauke ta, ta sa hannu a ƙirjinta. Zuciyar na bugawa, ta tsaya, ta sake bugawa, kamar mai daka da ta gaji.

Inna ta yi abin da ta sani. Ta buɗe bakin mussar ta ɗura mata nono. Mussar ta shaƙe, ta amayo. Yarinyar ta ce: "Kaka, akwai sauran maganin ciwon kai." Sunka raba ƙwayar farasitamol biyu, sunka niƙa rabi cikin ruwa, sunka ba ta. Da niyyar alheri sunka yi. Kafin asuba mussar ta mutu.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki gawar, ta je bakin danga, ta ɗaga ta sama.

Ta ce: "Ga maganin da kika yi. Allah shi isa."

Facalar ta rantse ba ta san komi ba. Inna ba ta saurara ba. Ranar nan ta sa anka kawo kara, anka toshe ƴar ƙofar. Ta hana jikanyarta shiga gidan. In sun gamu a rijiya, kowa sai ta kau da kai. Liman ya yi magana, mai gari ya aiko. Inna ta ce ita da kunnenta ta ji, da idonta ta gani.

Abin da ya biyo baya

Ƴaƴan mussar kwanansu bai fi 20 ba. Awakin Inna ba su da nono a lokacin. Ta gwada ba su kunu, sunka ƙi. Guda 2 sunka mutu cikin mako. Na 3, wata ƴar toka-toka, ta rayu. Kullum da safe yarinyar kan fito da ɗan nonon akuya cikin gwangwanin tumatir, tana ɗiga mata da tsumma. Inna ta tambaye ta inda take samo shi. Ta ce wata ƙawarta ke ba ta. Inna ba ta ƙara tambaya ba.

Kusa kuwa ba su ɓata lokaci ba. Kafin wata guda Inna ta fara jin su da dare. Da safe sai ta ga ƙaiƙayi a gindin rumbu. Ta ɗana tarko, ta kama 2, sauran sunka gane shi. Wani ya ce ta sayi maganin kusu a kasuwa. Ta ji tsoro, don akwai kaji da yaran maƙwabta.

A saman rumbun ne ta ɓoye zangarniyar iri, wadda ta zaɓa da hannunta lokacin girbi. Irin mijinta ne, mai saurin nuna. Da ta hau dubawa a farkon watan Yuni, ta tarar an cinye fiye da rabi. Ta sauko ta zauna gindin rumbu har rana ta yi tsaka. Duk wannan, a ranta, facalarta ta jawo mata.

Ranar da gaskiya ta fito

Ƴar mussar ta kai wata 2 da rabi. Wasa gare ta kamar kowane yaro. Wata ranar kasuwa da safe, yarinyar na wanke-wanke, ta ga ta hau tukunyar furen birni. Tana dukan ganye da hannu, ta kama guda da baki, ta ja. Wani ruwa mai danƙo ya fito. Nan take ƴar mussar ta fara girgiza kai, tana murza baki da ƙasa, miyau na dalala.

Yarinyar ta yi ihu: "Kaka! Kaka! Irin na uwarta ne!"

Wani tsohon maharbi na wucewa za shi kasuwa, ya ji ihun ya yi sallama. Ya dubi ƴar mussar, ya dubi tukunyar. Ya tsuguna ya shinshina ganyen.

Ya ce: "Inna, wa ya ba ki ƙariya kika aje kusa da randa?"

Inna ta ce: "Wace ƙariya? Furen birni ne, daga Yamai."

Ya ce: "Ko daga Makka anka kawo shi, ƙariya ce. Tukunyar ce kawai ta birni."

Inna ta san ƙariya tun tana yarinya. Ta gan ta a daji, tsaye ba ganye, sai fure, bisashe na ratse ta. Amma ba ta taɓa ganinta ƙarama ba, cike da ganye, cikin tukunya mai fenti. Shi ya sa ba ta gane ta ba.

Maharbin ya sa sunka cire guntun ganyen daga bakin ƴar mussar. Sunka goge mata baki da jiƙaƙƙen tsumma, sunka wanke hannuwanta da ruwa da sabulu. Ya ce kada a ba ta komi. Ya karya reshe guda ya ƙunshe cikin leda, ya wanke hannunshi. Sunka sa ƴar mussar cikin kwando, yarinyar ta hau amalanke tare da masu zuwa kasuwa. Malamin bisashe na zuwa kowace ranar kasuwa, don allurar shanu da awaki.

Mutane sun yi dariya da sunka ga an kawo mussa layin shanu. Malamin bai yi dariya ba. Ya saurari zuciyarta, ya duba dasashinta, ya ba ta wani baƙin magani mai tsotse dafi cikin hanji. Ya ce Allah ya taimaka, kaɗan ta taɓa, kuma an zo da wuri. Ya ce a aje ta wuri mai sanyi, a sa mata ruwa kusa, a bar ta ta sha da kanta. Bayan kwana 2 ta tashi ta nemi abinci.

Da maraice malamin ya biyo ta gidan Inna, don shi ga iccen da idonshi. Ya ɗaga ganyayen ƙasa ya nuna mata. Akwai tsohon shaidar haƙori a jikinsu, ya bushe ya yi baƙi. Haƙoran sun fi na ƴar mussar girma.

Inna ta daɗe tana duban wurin. Ba ta ce komi ba.

Abin da malamin bisashe ya bayyana

Mutane sunka taru, ya yi masu bayani. Ga shi nan, don kowa shi amfana.

Ƙariya dafinta zuciya shike kamawa. Shina cikin ganye, da fure, da saiwa, da ruwan jikinta. A wurare da yawa na Afirka, maharba na sa ruwanta cikin dafin kibiya. Alamunshi su ne miyau, amai, gudawa, kasala, da bugun zuciya marar tsari.

Mussa ƙaramin jiki gare ta. Babba wajen kilo 3 ko 4 take. Abin da ba shi isa shi kada babban bisa, ita ya ishe ta. Hantarta kuma ba irin ta akuya ba ce. Akuya kakanninta ganye sunka ci, hantarta ta saba da ɗaci iri-iri. Mussa kakanninta nama sunka ci. Akwai abubuwa da yawa da hantarta ba ta iya narkarwa, sai su taru cikin jini.

Sa'an nan mussa da harshe take wanka. Ko ba ta ci ganye ba, in ruwan icce ya taɓa gashinta ko hannunta, za ta lashe shi.

Inna ta tambaya a hankali: "Malam, maganin ciwon kai fa?"

Ya ce: "Kun ba ta?"

Ta ce: "Rabi."

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce: "Inna, ba ki sani ba. Amma kada a sake. Farasitamol magani ne ga mutum, ga mussa dafi ne. Ƙwaya guda na iya kashe babbar mussa, rabi ma na iya yi. Shina ɓata mata jini har shi kasa ɗaukar iska. Dasashinta shi yi duhu, fuskarta ta kumbura."

Ya lissafa masu sauran itatuwan da ya kamata a kula da su a gida.

Na farko, wani icce mai dogon ganye siriri kamar tsinin mashi, mai fure ja-ja ko fari. Ana dasa shi a birane, bakin ofisoshi da makarantu. Masu jin Faransanci na ce mashi loriye-roz. Dafinshi irin na ƙariya ne, zuciya shike kamawa. Ko ganyen ya bushe dafin na nan. Ganye kaɗan na iya kashe saniya ko doki. Akwai ɗan'uwanshi mai fure rawaya kamar ƙararrawa. Shi ma haka, ƙwallonshi ya fi muni.

Na biyu, tumfafiya. Ba a dasa ta, ita ke fitowa bayan ɗaki da kan juji. Farin ruwanta na ƙona baki, in ya shiga ido shina ɓata gani, kuma shi ma shina taɓa zuciya.

Na uku, zurma da bini-da-zugu. Su ƴaƴansu ne abin tsoro. Ƴar mussa na son wasa da abu mai gangarawa, daga wasa sai tauna. Suna kawo amai da gudawa mai tsanani. Yaran mutane ma na shiga wannan hatsari.

Na huɗu, zaƙami, wanda wasu ke ce ma haukata-yaro. Sunanshi ya isa bayani. Sai tinya, mai farin ruwa mai ƙuna.

Na biyar, itatuwan ɗaki da ake kawowa daga birni. Akwai mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari. In an tauna shi, baki na zafi kamar an cika shi da ƙananan allurai, harshe shi kumbura. Akwai alobera, wadda mata ke dasawa don gyaran fata. Tana sa mussa amai da gudawa. Akwai kuma wani fure da Faransawa ke ce ma lis, wanda ake yankowa a sa cikin kwalba. Shina kashe mussa. Ko garin furen ta lasa, ko ta sha ruwan kwalbar, ƙodarta na iya tsayawa cikin kwana 2 ko 3. Masu aiki a gidajen birni su lura da wannan.

Na ƙarshe ya ba kowa mamaki: albasa da tafarnuwa. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, ta Galmi ta yi suna har ƙasashen waje, kuma babu miyar da ba ta shiga. Amma albasa na fasa ƙwayoyin jinin mussa, ko ɗanya, ko dafaffa, ko gabu. Ba ranar ake ganin abin ba. Sai bayan ƴan kwanaki mussa ta yi laushi, dasashinta shi yi fari, fitsarinta shi yi duhu. In za a ba ta sauran abinci, a ba ta wanda bai ji albasa ba.

In abin ya faru

Malamin ya ce abu 5 za a riƙe.

A cire abin da ya saura a bakinta, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

In ruwan icce ya taɓa gashinta, a wanke da ruwa da sabulu kafin ta lashe.

Kada a ɗura mata nono, ko mai, ko ruwan gishiri. Nono ba shi karya dafi. Ɗura na iya bi ta hanyar numfashi. Gishiri mai yawa kuwa shi kanshi dafi ne.

Kada a ba ta maganin mutane ko wane iri. Gawayin murhu ma ba shi ne baƙin maganin likita ba.

A tafi da ita wurin malamin bisashe ranar nan, tare da ganyen da ake zato. In da nisa, a kira shi ta salula. Sanin iccen rabin magani ne.

Ƙofar danga

Daren nan Inna ba ta yi barci ba. Wata 2 ta yi tana ɗora ma baiwar Allah laifin da ba ta yi ba. A gaban mutane ta yi mata Allah-shi-isa. Ga shi abin da ya kashe mussar, ita da hannunta take ba shi ruwa kowace safiya. Hausawa sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. To, ina ga wanda bai zama ba?

Ta tada jikanyarta. Ta ce: "Ke, gaya mani gaskiya. Wace ƙawa ce ke ba ki nonon akuya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce: "Kaka ƙarama ce. Ta bisa danga take miƙo mani. Ta ce kada in faɗa maki, za ki zubar."

Da gari ya waye Inna ba ta aiki kowa ba. Ita da kanta ta cire karan da anka toshe ƙofar, ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga ta tarar da facalarta tana surfe. Ta tsaya, bakinta ya yi nauyi. Ita ce babba, ba ta saba ba.

Ta ce: "Na zo neman gafara. Na ɗauki alhakinki."

Facalar ba ta aje taɓarya nan da nan ba. Ta ce: "Yaya, abin ya yi mani ciwo. Har ɗiyata da ke aure a wani gari an kai ma labari, wai uwarta mai sa dafi ce."

Inna ta ce: "Inda na faɗa, nan zan je in warware."

Kuma ta yi. Da la'asar, lokacin da mata sunka cika rijiya, ta tsaya ta faɗi abin da ya faru tun daga farko, har da rabin ƙwayar da ta ba mussar. Ba ta rage komi ba.

Saura iccen. Wannan ma bai zo mata da sauƙi ba, don kyautar ɗanta ce. Ta sa anka kira mata shi ta salula. Tana tsoron kada ranshi shi ɓaci. Da ya ji, sai ya yi salati. Ya ce mai saidawar bai gaya mashi komi ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce: "Inna, ki fidda shi yau. Gobe wani jariri ne za shi rarrafa wurin."

Ba su jefa shi kan juji ba, don awaki. Ba su sa shi a murhu ba, don malamin ya ce irin waɗannan itatuwa ba a girki da su, ba a shaƙar hayaƙinsu. Maharbin ya sa leda a hannu, ya tumɓuke shi, ya gina rami mai zurfi bayan gari ya binne.

Tukunyar kuwa Inna ba ta yar ba. Ta zubar da tsohuwar ƙasar, ta wanke ta sarai, ta zuba sabuwa. Ta watsa hatsi tafi guda, ta ba shi ruwa. Cikin mako guda ya fito kore shar. Malamin ne ya ba ta wannan dabara: in mussa na da ciyawar kanta, ba ta cika neman wani ganye ba. Hatsi ko alkama ake shukawa. Ba a sa dawa, don ƙaramar dawa na da dafi, makiyaya sun san haka. Ba a sa kuma irin da anka gauraya da maganin shuka. In ya tsufa a sake wani.

Ruwan shuka ya sauka a ƙarshen watan Yuni. Irin Inna bai kai rabin gona ba. Facalarta ta auno mata tiya 3 daga nata, ta ce a biya bayan girbi. Ba irin mijinta ba ne, bai nuna da wuri kamar shi ba. Abin da ya saura na mijin ta shuka shi a gefe guda, ta sa mashi ido, don ta maida irin. Za a yi shekara 2 kafin shi koma yadda shike.

Ƴar toka-tokar ta girma. Bana ita ke kwana gindin rumbu. Ta ƴar ƙofar danga take wucewa, tana gadin rumbu 2. Facalar ta saka ma ƴan tsakinta akurki mai murfi, magana ta ƙare.

Jama'a, ba a ce kada a dasa fure ba. Gida mai kore ya fi daɗin zama. Amma kafin icce shi shigo gida, a tambayi sunanshi, a tambaya ko shina da dafi. In mai saidawa bai sani ba, a nuna ma malamin bisashe, ko ma'aikacin gandun daji, ko tsofaffin gari. Icce mai farin ruwa ko mai danƙo, a yi hattara da shi. Ɗora shi bisa katanga ba dabara ba ce, don babu katangar da mussa ba ta hawa. Kowa shi zagaya gidanshi yau, shi duba gindin randa da bayan ɗaki, tun bazara ba ta shigo ba.

Allah shi tsare mana rumbunanmu da zumuncinmu, shi ba mu damana mai albarka. Amin.